Gonar da na ba Iya da baki

A shekarar da nake karatun safiyo a Ingila, na kama hayar ɗaki a gidan wata tsohuwar Baturiya da mijinta ya rasu. Iya nake ce mata, kuma ta karɓi sunan hannu bibbiyu bayan na faɗa mata ma'anarsa. Kusan duk daren da muka zauna shan shayi sai ta ɗauko labarin nan guda: wai kakan kakanta yana da babbar gona a wani ƙauye kusa da iyakar Wales, masu hannu da shuni suka raba zuriyarsa da ita. Takarda ko ɗaya ba ta da ita, daga bakin kakarta ta ji.

Da yake taswira ce sana'ata, na bugi ƙirji na ce, "Iya, bar mini wannan aikin."

Na san inda zan dosa. A da can manoman Ingila da Wales suna fitar wa coci ushiri daga amfanin gona: dami ɗaya cikin goma, ɗan rago ɗaya cikin goma, har madara da ƙwai. Rigimar karɓar wannan ushiri ta yi yawa, sai majalisarsu ta yi doka a 1836 cewa a riƙa biyan kuɗi maimakon kaya, gwargwadon farashin hatsi na shekara 7 da suka gabata. Kafin a yanka wa kowa nasa, sai da aka auna gonaki fegi-fegi, aka zana taswira, aka ba kowane fegi lamba. Kowace taswira tana tafe da kundinta mai bayanin fegin: sunansa, ko na noma ne ko na kiwo, ekarsa nawa, da kuɗin da aka ɗora masa. Kwafi 3 ake yi, ɗaya na hukumar ushiri, wanda yanzu ke babban gidan adana tarihi da ke Kew a Landan, ɗaya na ofishin bishof, ɗaya na cocin garin. Aikin ya game kusan kashi 3 cikin 4 na ƙasar.

Wata Asabar na hau jirgin ƙasa zuwa ma'ajiyar tsofaffin takardu ta lardin. Aka shimfiɗa mini kundin ƙauyen a kan tebur, shafinsa ya fi faifai biyu faɗi. Ina bi da yatsa sai ga sunan kakan kakan Iya ɓaro-ɓaro, da jerin lambobin fegi a gabansa. Na duba taswira, ga gidan, ga makiyaya a bakin rafi, ga gonakin alkama. Zuciyata ta yi fari. Na ɗauki hoton tsakiyar shafin da waya, na naɗe kayana, ko minti goma ban ƙara ba.

Da na dawo na ce, "Iya, gani ya kori ji. Gonar nan ta kakanku ce, ga sunansa hukuma ta rubuta." Ta yi hawaye. Ta sa aka buga hoton taswirar da girma, aka yi masa gilashi, ta rataye a falo. Ta buga wa ɗanta waya, shi kuma ya sanar da dangi. Kafin wata ya zagayo, labarin ƙwacen gona ya tashi daga hirar shayi ya zama abin da ake rantsuwa a kai. Ɗan har ya fara rubuta wasiƙu yana neman sanin wanda ya sayar da ita da ranar da aka sayar.

Neman takardar cinikin ne ya mayar da ni ma'ajiyar. Na nuna wa wata ma'aikaciya hoton da ke wayata, ta dube shi, ta ce mu koma kan kundin. Ta ɗora yatsa a layin farko na hagu, wanda hotona ya yanke. A kansa an rubuta masu ƙasa. Layi na biyu, inda sunan kakan kakan Iya yake, na masu zama a kan ƙasar ne. An tsara kundin ne bisa sunayen masu ƙasa, don haka an rubuta sunan mai ita sau ɗaya a can sama, aka bar ƙasansa fili, aka jero masu hayarsa. Attajirin babban gidan ƙauyen ne mai gonar. Kakan kakan Iya ɗan haya ne, kuma ba a ƙwace wa jikokinsa komai ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ni ɗin nan ban da uzuri. Na taso a inda kowane yaro ya san bambancin gonar gado da ta saye, da ta aro, da ta jingina. Na sha jin shari'u a gaban alƙali inda jika ke rantsuwa cewa gona ta kakansa ce don ya buɗi ido ya gan shi yana nomanta, alhali aro aka ba shi. Na kuma san cewa a zamanin Turawa, da malaman taki ke auna gonaki a ƙasar Kano, haraji suke nema, ba tarihin gidan kowa ba. Haka kundin ushiri yake: don karɓar kuɗi aka rubuta shi, kuma ya faɗi gaskiyarsa a fili. Ni ne na tafi da amsa a aljihu, na ga abin da ya yi kama da ita, na rufe ido ga saura. Son in faranta wa tsohuwa da son a ce na iya, su suka haɗu suka rufe ni. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Kwana biyu ina juya yadda zan faɗa mata. A na uku na zauna a gabanta na ce, "Iya, na yi miki ƙarya ba da niyya ba. Rabin shafi na karanta." Na bayyana mata komai. Ta yi shiru mai tsawo, sannan ta tambaye ni ko dai shi ne ya nome gonakin nan. Na ce shi ne. Ta ce to taswira za ta zauna inda take, amma in sauko da ita in rubuta gyaran a bayanta da hannuna, in sa sunana. Kiran ɗanta ma ni ta bar wa, kuma maganar ba ta yi mana daɗi ba.

Mai karatu, in ka samu sunan kakanka a tsohuwar takardar ƙasa, kada ka yi saurin kai albishir gida. Karanta shafin daga gefe zuwa gefe, ka duba kan kowane layi, ka san wanda ya rubuta takardar da abin da yake nema. Sannan ka tambayi dattawa ta wace hanya gonar ta shigo hannunsa, tun suna raye.