Na'urar da Ke Koya wa Hannu Aiki

A cikin aikina na ziyarar marasa lafiya, ba wanda ke taɓa mini zuciya kamar mai shanyewar ɓarin jiki. Ƙafa takan farfaɗo, mutum ya dogara sanda ya fita ƙofar gida. Hannu ne mai taurin kai. Yatsu su dunƙule, dattijon da ya tsufa da hauya ya kasa yanko lomar tuwo. In na dama ne, kunya ta ƙaru, gama wa zai miƙa wa baƙo hagu?

Likitoci sun ce ciwon a ƙwaƙwalwa yake. Jijiyar jini ta toshe ko ta fashe, sashen da ke ba hannu umarni ya lalace. Amma in ana maimaita motsi, ƙwaƙwalwa takan buɗe sabuwar hanya, kamar yadda sawu ke fid da turba cikin ciyawa.

Saboda haka ne masanan jami'ar MIT ta Amurka suka soma ƙera wata na'ura a 1989, mai suna MIT-Manus. Majiyyaci yakan kama mariƙinta, yana duban allo, yana kai hannu inda aka nuna masa. In ya kasa ta taimake shi, in ya iya ta sakar masa. Akwai kuma Amadeo ta ƙasar Ostiriya, wadda ke lanƙwasa yatsu tana miƙe su ɗaya ɗaya.

A 2010 aka fid da sakamakon wani gwaji da aka yi da tsofaffin sojojin Amurka 127. Masu na'ura sukan motsa hannu sau 1,000 da ɗoriya cikin awa guda. Aka sa waɗansu suka yi irin wannan yawan da taimakon ma'aikacin asibiti, sai ribar ta zo kusan ɗaya. A 2019 gwajin Birtaniya mai mutum 770 ya nuna na'urar ba ta fi kulawar da aka saba ba.

Abin da na'ura ta fi mu, ba ta gajiya, ba ta kuwa jin tausayi. Mu kam, 'yan'uwa, tausayi ke sa mu ba Baba abinci a baki, mu sa masa riga, hannun yana kwance bisa cinya wata da watanni. Shi ya sa in na je gaisuwa nakan roƙi ƙwarya da wake. Baba ya riƙa tsintar waken yana zubawa, jikansa yana ƙirgawa. In yatsu sun ƙi, yaron ya tallafa kaɗan, kada dai ya ja da ƙarfi, gama kafaɗar irin wannan hannu tana saurin ciwo.