Dawakan Kwali da Rigimar Ɗakinmu

Wanda ya taɓa wucewa ta ƙofar ɗakinmu a hostel ranar Asabar da daddare ya san ihun da nake nufi. Ba ƙwallo muke kallo ba. Yaƙin zamanin Napoliyon muke yi a kan teburin karatu, da sojojin takarda da muka buga a shagon kwamfuta, muka manna a kwali, muka kafa su kan murfin kwalbar lemo. Sai rula da 'yan lido biyu. Turawa suna yi da 'yan mutum-mutumin dalma masu fenti, kuma sun daɗe a harkar: tun 1913 marubuci H.G. Wells ya fitar da littafin dokokin irin wannan wasa mai suna Little Wars. Mu kuɗin garin kwaki ma da ƙyar, don haka kwali ya ishe mu.

Ni na rubuta dokokinmu a wani tsohon littafin lakca. Ni kuma nake riƙe da rundunar Ingila, musamman maharban gaba, waɗanda muke ce wa 'yan tsokana: ba sa tsayawa a sahu, warwatsuwa suke yi gaban runduna suna ɗauke hafsoshin abokan gaba ɗai-ɗai. Na ba su harbi mai nisan santimita 30. Na ce ba a samunsu sai ɗan lido ya ba da shida, tunda a warwatse suke. Na kuma ce in doki ya taso musu, su ja da baya kawai, ba sai an jefa komai ba. Wallahi lokacin ban ga aibun wannan ba.

Abokina da muke ɗaki ɗaya tun ND I shi ke riƙe da dawakan Faransa. Sau biyar a jere ina cinye shi. A na biyar bai ma jira an gama ba. Ya tattara dawakansa ya zuba a leda, ya ce, "Malam, kai ne alƙali, kai ne mai ƙara. Ci gaba da wasa da kanka."

Mako biyu daga gaisuwa ba abin da ke haɗa mu. Abin dariya ne a ce kwali ya raba mutum da wanda ya yi jinyarsa lokacin da zazzaɓi ya kwantar da shi ana tsakiyar jarrabawa, amma haka ta kusa faruwa, ga shi saura 'yan watanni kowa ya kama gabansa.

Don in kare kaina na koma karatu, sai karatun ya ba ni kunya. A filin yaƙi na gaske ba abin da ɗan tsokana yake tsoro kamar doki. Bindigar lokacin ta baki ake ɗura ta, ƙwararre ya yi harbi biyu zuwa uku a minti guda, irin ta Baker da wasu maharban Ingila ke riƙewa kuwa ta fi kai wa nesa amma ta fi cin lokaci wajen ɗuri. Doki a guje kafin ka sake ɗuri ya iso. Mutum ɗaya tsaye a fili, bindiga ba harsashi, ai nama ne. Abin da ke tsayar da doki shi ne sahu mai kusurwa huɗu, sojoji kafaɗa da kafaɗa, wuƙaƙen bakin bindiga sun fuskanci kowane ɓangare. Doki ba wawa ba ne, ba ya faɗa wa katangar ƙarfe. A Watalu, ranar 18 ga Yuni 1815, Marshal Ney ya yi ta turo dubban mahaya kan irin waɗannan sahu na kusan awa biyu, ba su fasa ko ɗaya ba. Amma a ranar nan dai, kusa da gidan gonar La Haye Sainte, dawakan Faransa sun riski sojojin Jamus da ba su shiga wannan tsari ba, suka yi musu kaca-kaca.

Na gyara. Sai na wuce gona da iri, ina jin don in wanke kaina: na soke gudun gaba ɗaya. Na lallaɓa shi ya dawo teburi, cikin minti goma sha biyar ya share min fili. Shi da kansa ya ce, "Mutumina, wannan ma ba wasa ba ne."

A nan ne muka zauna tare, karon farko, da biro biyu. Ga inda muka tsaya. In doki ya taso daga nesa da santimita 20, ɗan tsokana zai tsira in ya jefa uku ko sama. In daga kusa ne, sai biyar ko shida. In ya riga ya yi harbi a wannan zagayen, lambar da yake nema ta ƙaru da ɗaya, don hankalinsa na kan ɗuri. Kuma gudun ba shi da amfani sai akwai mafaka cikin santimita 15: sahu, kurmi ko gida. Wannan kaɗai ya sauya yadda nake wasa, na daina tura maharbana can tsakiyar fili kamar marasa iyaye. Doki kuma bayan kowane hari sai ya huta zagaye ɗaya, lokacin nan kowa na iya harbinsa.

Sahu mai kusurwa huɗu ne ya ci mana dare guda. Ni na ce ba ya fasuwa. Shi ya kawo labarin Garcia Hernandez a Sifaniya, Yulin 1812, inda dokin da aka harba ya faɗa cikin sahun Faransawa ya buɗe ƙofa, sauran mahaya suka kutsa. Gaskiyarsa ce. Muka ce shida biyu a jifa ɗaya tana fasa sahu, wato sau ɗaya cikin 36.

Doka ta ƙarshe tasa ce, kuma ita ta fi min ciwo: ba wanda ya mallaki runduna. Sai an gama shirya teburi a jefa kwabo.

Asabar da ta wuce Faransa ta faɗo min. Na tura dawakaina da wuri, suka gaji a gaban sahunsa, maharban da na zana da hannuna suka ƙarasa su. Yanzu yana so kafin mu miƙa littafin ga yaran ND I mu gwada Tabkin Kwatto na 1804, 'yan bakan jama'ar Shehu da barade masu lifidi na Gobir. Na ce masa kibiya ba ta jiran ɗuri, don haka dokar harbi sai an sake ta daga farko. Ya ce to, amma wannan karon shi zai riƙe biro.