Na yi zaton sakewa na yi, ashe ɗaurewa ce ta yi yawa

Haihuwata ta uku ta zo da gardama. Yaron ƙato ne, sai da aka yi min ƙari aka ɗinke. Na yi jego a gida wajen Umma, na yi wanka kamar yadda aka saba, bayan arba'in aka duba ɗinki aka ce ya warke sumul. Na koma ɗakina ina ganin komai ya wuce.

Daren farko na gane da sauran aiki. Zafi ne kamar ana tsaga ni da reza, tun daga bakin hanya. Na ce wataƙila ɗinkin ne bai gama kamewa ba, a ƙara min sati biyu. Sati biyu ya zama wata biyar. Ga kuma fitsari: in ji ya matse ni, in shiga banɗaki in yi ta jira kafin ya fito, in ya fito ma siriri, in tashi ina jin kamar da saura. Bayan gida sai da nishi. In na daɗe a zaune, ƙashin nan na ƙarshen gadon baya ya dinga zugi.

Baban yara bai taɓa ɗaga min murya ba. Amma ranar da ya tambaye ni ko wani laifi ya yi min, na shiga kicin na yi kuka. Na riga na koyi jan wanke-wanken dare har sai na ji ya yi barci.

Yayata na fara gaya wa, shi ma rabi-rabi. Ta ce sanyi ne. Na sha maganin sanyi har zagaye uku, na kemis da na gargajiya, ban ga canji ba. Sai wata ƙawata ta ce ai duk wadda ta haihu uku ta saki, gyara nake buƙata. Ta kawo min haɗin matsi, ta kuma turo min bidiyon atisayen nan na matse gaba da ake kira Kegel. Na duƙufa a kai, ina girki ina matsewa, ina shayarwa ina matsewa. Cikin sati uku zafin ya kai ko zama a kujera sai na karkace.

A nan na haƙura na je wajen likitar mata. An gwada fitsari, an ɗebi ruwan gaba an gwada, babu ƙwayar cuta ko ɗaya. Da ta zo dubawa, ta danna gefe guda da yatsa a hankali, na zabura har na kusa faɗowa daga gadon. Ta ce, “Hajiya, ba sanyi ke damun ki ba, tsoka ce.” Ta rubuta min takarda zuwa sashen fisiyo. Na karɓa ina mamaki, don ni a sanina fisiyo na masu shanyewar ɓarin jiki ne da waɗanda suka karye.

Wadda na samu a can ta ƙware ne a kan matsalolin mata. Ta nuna min hoton ƙugu, ta ce a can ƙasa akwai shimfiɗar tsokoki da ta tashi daga ƙashin mara ta gaba ta kama ƙashin ƙarshen gadon baya. Ita ke tallafe da mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji, kuma hanyar fitsari da gaba da dubura duk ta cikinta suka ratsa. Aikinta biyu ne, ta matse lokacin riƙewa, ta kuma saki lokacin fitsari da bayan gida da auratayya. Tawa ta kama ta ƙi saki. Ta ce in dunƙule hannuna da ƙarfi in riƙe. Kafin minti ɗaya ya fara ciwo. Ta ce, “To ke wata biyar kina dunƙule.” Hannun da ya wuni a haka ya gaji, in aka miƙo masa abu ma ba zai iya riƙewa da kyau ba. Shi ya sa wasu masu wannan matsalar har ɗigar fitsari suke yi, sai a ɗauka rauni ne.

Yadda abin ke ƙulluwa ya fi ba ni tausayin kaina. Ciwon ɗinki ya sa jiki ya ɗaure don ya kare wurin. Ɗinki ya warke, tsoka ba ta sauka ba. Sai auratayya ta yi zafi, tsoron zafin ya sa na ƙara ɗaurewa, ɗaurewar ta ƙara zafin. Riƙe fitsari saboda hidimar yara, yunƙurin bayan gida da damuwa duk suna ƙara wa wutar itace. Atisayen Kegel kuwa, wanda likita Ba'amurke Arnold Kegel ya bayyana a 1948, don tsokar da ta yi rauni aka yi shi. Yana da amfani ga mai buƙatarsa, ni dai ba ita ba ce.

Abu na farko da ta sa ni shi ne in daina matsewar nan gaba ɗaya, in kuma ajiye haɗin matsi. Na biyu numfashi, wanda na raina da farko. In kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, hannu a kan ciki, in shaƙi iska ta hanci har ciki da haƙarƙari su buɗe. Idan iska ta cika, tsokar numfashi da ke ƙarƙashin huhu tana sauka, tsokokin ƙasan ƙugu su ma su sauka tare da ita. Sai da na yi kwanaki kafin na ji wannan saukar a jikina. Ta ƙara min da miƙe jiki: in durƙusa in zauna a kan dugaduganina, in kifa ƙirji a kan filo gwiwoyi a buɗe, ko in kwanta in jawo gwiwoyi zuwa gefen ƙirji. Ta ce in riƙa zama cikin ruwa mai ɗumi, ba mai ƙuna ba. A masan zama kuma in ɗora ƙafafuna a kan kujera 'yar tsugunno, in daina yunƙuri, in ƙara shan ruwa da cin ganye.

Akwai kuma tausar ciki, da safar hannu, da yatsa ɗaya. Ba ta taɓa ni ba sai a zuwa na uku, bayan ta yi min bayani ta nemi izinina, ta ce duk lokacin da na ce tsaya za ta tsaya. Takan danna inda ya yi ƙulli ta riƙe ina numfashi har ya yi laushi. Kunya kam na ji ta, amma ba ta kai ta naƙuda ba.

Wadda ta ga kanta a labarin nan, ta fara da likita tukuna. Ƙwayar cuta, tabon ɗinki da bushewar gaba da shayarwa ke kawowa duk suna sa zafi, kuma kowanne da maganinsa.

Abin da ya fi min wuya shi ne gaya wa baban yara. Na yi ta zagaye-zagaye, ƙarshe na sa shi ya dunƙule hannunsa kamar yadda aka sa ni. Ya yi shiru, can ya ce, “Me ya sa ba ki faɗa min tun farko ba?” Muka yarda a dakata har sai jikina ya shirya. Fitsari ne ya fara daidaita, bayan kamar wata ɗaya. Sauran ya ɗauki kusan wata uku. Har yanzu ranar da yara suka ɗaga min hankali nakan tsinci kaina na cije haƙora, ƙasa ma ta ɗaure, sai in jingina da bangon kicin in ja numfashi biyar kafin in koma kan tukunya.