Hannun Daman Wilder

Duk ranar da musun damben boksin ya tashi a ofishinmu, ni ɓangaren gwaninta nake, kuma Oleksandr Usyk ne hujjata. Daga ƙaramin aji ya hauro ajin masu nauyi. Anthony Joshua ya fi shi jiki, amma a Landan a 2021 Usyk ya yi ta zille masa har turmi 12, ya cinye da maki.

Sai dai karawar Deontay Wilder da Luis Ortiz ta 2019 ta hana ni sakat. Bayan turmi shida, alƙalai uku duk Ortiz suka sa gaba. A na bakwai naushin dama ɗaya ya sauka, shi ke nan. Mu masu rubuta manhaja mun san irin wannan: layi dubu lafiya lau, kuskure ɗaya ya rushe komai.

Tyson Fury ne ya kwantar min da hankali a 2020. Bai gudu ba, matse Wilder ya yi, ya hana hannun nan sararin miƙewa. A turmi na bakwai mutanen Wilder suka jefa tawul.