Amsar Ɗan Aike

Mu da sana'armu ita ce koyar da adabi, mun saba da sauraron yadda kalmomi ke shigowa harshe da yadda suke fita. Cikin baƙin kalmomin da suka sami wurin zama a bakin Hausawa, babu wadda ta fi damun mu kamar "daliget". Abin da ke damun mu shi ne muna da kalmar "wakili" tun kaka da kakanni, amma jama'a suka ƙi kiran waɗanda ke zaɓo wa jam'iyya ɗan takarar shugaban ƙasa da ita. Duk sa'ad da muka yi tunanin dalilin haka, sai kawunmu ya faɗo mana a rai, shi da tafiyar da ya yi zuwa Jos a shekarar 1993.

Kawu tela ne a wani ƙaramin gari na ƙasar Katsina, kuma a gidansa muka tashi. A zamanin nan gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta kafa jam'iyyu biyu rak, wato SDP mai alamar doki da NRC mai alamar mikiya. An yi zaɓen fid da gwani a 1992, gwamnati ta soke shi, ta kuma hana masu neman takara su 23 sake tsayawa, cikinsu har da Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, wanda mutanen garinmu ke so ƙwarai. Daga nan hukumar zaɓe, a ƙarƙashin Farfesa Humphrey Nwosu, ta fito da tsarin da aka kira "Option A4", wanda a cikinsa ake faro neman takara daga mazaɓa, a hau zuwa ƙaramar hukuma, a wuce jiha, sannan a ƙare a babban taron jam'iyya na ƙasa.

Muna aji ɗaya na sakandare ranar da aka yi taron mazaɓarmu a filin makarantar firamare. Mun ga dattawa da samari sun jeru a bayan Kawu cikin rana, ana bi ana ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ga wanda ya tsaya a bayan wani, shi kuma Kawu ya waiwaya ya ga fuskokin waɗanda suka tsaya masa. Da haka ya yi ta hawa har sunansa ya shiga jerin masu zuwa Jos. Tafiyar ta faɗo a ƙarshen watan Maris, 'yan kwanaki bayan Ƙaramar Salla, idanunsa ba su ma warware daga ɗinkin dare ba. Mutanen unguwa suka yi karo-karo suka haɗa masa guzuri, suka raka shi tasha da saƙo guda: ya zaɓi Alhaji Atiku Abubakar, tun da shi ne ɗan takarar gidan 'Yar'aduwa.

Abin da ya faru a Jos sananne ne ga masu bin tarihin siyasar ƙasar nan. A zagayen farko Cif Moshood Abiola ne ya zo na ɗaya, Ambasada Baba Gana Kingibe na biyu, Atiku na uku. Kafin zagaye na biyu sai Atiku ya janye, aka umurci magoya bayansa da su koma wa Abiola, wanda da haka ya yi nasara, daga baya kuma ya ɗauki Kingibe mataimaki. A can Fatakwal kuwa, NRC ta tsayar da Alhaji Bashir Tofa. To amma littattafan tarihi ba su faɗi halin da ƙaramin wakili irin Kawu ya shiga a daren ba. An aike shi da suna guda, ga shi an cire sunan daga fage, babu waya a garinmu balle ya nemi shawara, kuma waɗanda suka yanke hukuncin ba su tambaye shi ba.

Kashegarin dawowarsa, bayan La'asar, ya roƙi Mai'unguwa ya tara masa jama'a a ƙofar gida. Mu yara muka raɓe a jikin katanga muna kallo. Kawu ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, an aike ni, na dawo, kuma ɗan aike ba ya shiga gida sai ya kai amsa." Ya ba da labarin janyewar, ya ce ya jefa ƙuri'arsa ga Abiola bisa umurnin manya, ba bisa saƙon da aka ba shi ba, don haka duk wanda bai ji daɗi ba ya faɗa masa a gaban idonsa. Wani dattijo ya ce da Kingibe ya zaɓa, ai shi ɗan Arewa ne. Wani ya ce tun da gidan da ake bi ya juya, ba laifi ba ne a juya tare da shi. Aka yi ta muhawara, Kawu yana zaune kansa a sunkuye.

Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da abu biyu ya ajiye a kan tabarma. Na farko ragowar guzurin da aka haɗa masa ne. Na biyu ambulan ne, wanda ya ce wasu mutane da bai san su ba sun bi masauki cikin dare suna rabawa, wai kuɗin mota. Ya ce, "Ban nema ba, kuma ban iya mayarwa ba, don ban san mai shi ba. In kuɗin ƙuri'a ne, ƙuri'ar ba tawa ba ce, taku ce. Ku san yadda za ku yi da su." Wurin ya yi tsit. Daga ƙarshe Liman ya ba da shawara a gyara bakin rijiyar unguwa da su, haka kuwa aka yi. An yi zaɓe ranar 12 ga Yuni, gwamnati ta soke shi kafin watan ya ƙare, wahalar Jos ta tashi a banza. Rijiyar ce kaɗai ta saura.

Sai da muka girma muka gane cewa wannan matsala ba a kanmu aka fara ta ba. Daga Amurka muka aro tsarin shugaba mai cikakken iko a 1979, kuma su ma sun sha fama da wakilansu. A babban taron jam'iyyar Dimokurat da aka yi a Chicago a 1968, wakilai sun tsayar da Hubert Humphrey alhali bai shiga zaɓen fid da gwani ko a jiha ɗaya ba. Hargitsin da ya biyo baya ya sa jam'iyyar ta gyara ƙa'idojinta, ta yadda ƙuri'ar 'yan jam'iyya a jihohi ce ke nuna wa mafi yawan wakilai wanda za su zaɓa. Wato sun ɗaure ɗan aike da saƙon da aka ba shi. Mu kuwa mun aro taron da kaɗe-kaɗensa, muka bar igiyar a can.

A watan Mayu na 2022 muna zaune da abokan aiki a gaban talabijin, a nan kudancin ƙasa inda muke koyarwa, muna kallon babban taron PDP a filin wasa na Abuja, wanda aka sa wa sunan Abiola. Sai ga Gwamna Aminu Tambuwal ya hau dandamali ya janye, ya ce magoya bayansa su zaɓi Atiku. Wanda ya janye wa wani a Jos, shi aka janye wa bayan shekara 29. Atiku ya sami ƙuri'a 371, Nyesom Wike 237. A watan Yuni kuma Bola Tinubu ya lashe na APC da ƙuri'a 1,271. Idan aka haɗa wakilan tarurrukan biyu, 'yan dubbai ne ƙalilan, su suka tace wa ƙasar da ke da masu rajistar zaɓe fiye da miliyan 93 manyan 'yan takara biyu. Jaridu suka cika da zargin rabon daloli, samari suka mayar da "daliget" abin barkwanci, kowa na fatan Allah ya ba shi wannan matsayi ko da sau ɗaya ne a rayuwa.

A nan ne muka fahimci hikimar masu harshe. Bahaushe ya san wakili a wurin ɗaurin aure: yana magana da bakin wani, a gaban shaidu, ana faɗin sadaki da ƙarfi kowa ya ji, sannan ya koma gida ya ce an ɗaura. Mutumin da ya tafi a ɓoye, ya karɓa a ɓoye, ya zaɓa a ɓoye, ya dawo bai ce wa kowa uffan ba, harshe ya ƙi ba shi wannan suna, sai ya aro masa wani daga waje. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin da ake yi a irin waɗannan tarurruka a kan talakawa yake ƙarewa.

Sai dai kada mu ɗora wa wakilai laifin duka, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu da muke tarbar wakili a tasha muna tambayar abin da ya samo, ba wanda ya zaɓa ba, mu muka koya masa cewa amsar da ake jira a aljihu take. Ko an sauya doka an ce kowane ɗan jam'iyya ya zaɓa da kansa, ko an ce manya su sasanta, muddin ba a zaunar da wanda aka aika an tambaye shi ba, sunan cinikin kawai zai sauya.

Kawu ya rasu bai sake zuwa wani babban taro ba, don tun daga ranar ambulan masu tsara jerin sunaye suka daina tunawa da shi. Ya koma kan kekensa na ɗinki har idanunsa suka gaza. Duk lokacin da muka je gida hutu mukan bi ta wajen rijiyar, mu tarar da yara suna jan ruwa, babu wanda ya san da kuɗin da aka gyara bakinta. Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya huta.