Da Linkon ke mulkin Amurka, wa ke mulkin Maraɗi?

Ɗan'uwa mai karatu, ga tambaya. Ƴaƴanmu da ke zuwa lakkol sun san sunan Abraham Linkon. Sun san ya shugabanci Amurka daga 1861 zuwa 1865, ya yi yaƙin basasa, ya ƴanta bayi wajen miliyan 4, daga baya wani ya harbe shi a gidan wasan kwaikwayo. To, a waɗannan shekaru, wa ke bisa gadon sarautar Maraɗi? Tambayi yaron gidanku ka gani. Ni dai na tambayi da dama, sai su yi ta sosa ƙeya.

Ɗan Baskore ne. Amma kafin mu zo gare shi, bari mu koma baya kaɗan.

A 1807 mutanen jihadin Shehu Usmanu, ƙarƙashin Ummarun Dallaji, suka ci Birnin Katsina. Sarki Magajin Halidu ya gudu zuwa Ɗankama, can ya faɗa rijiya ya rasu. Waɗanda suka saura suka naɗa Ɗan Kasawa. Ka ji sarki babu gari! Ya yi zaman gudun hijira a ƙasar Damagaram, shekara da shekaru. Wajen 1819 mutanen kwarin Maraɗi suka tayar wa wakilin Fulani, suka kira Ɗan Kasawa ya zo ya zauna cikinsu. Shi ya sa har yau ba a cewa Sarkin Maraɗi kawai, sai a ce Sarkin Katsinan Maraɗi. Sunan tsohon gida ne suka taho da shi, don ba su fid da ran komawa ba.

Bayansa Rauda ya hau. A 1836 shi da Sarkin Gobir Ali suka gamu da rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Gawakuke. Duka biyun can suka kwanta dama. Ranar ta yi muni ƙwarai. Gobirawa suka watse, sai Ɗan Mari, wanda ya gaji Rauda, ya taimaki Mayaƙi ya kafa sabon birni nan kusa, wato Tsibiri. In ka taɓa mamakin abin da ya sa manyan sarakuna biyu ke zaune dab da juna, tafiyar da mai ƙafa ke yi da hantsi guda, to dalilin ke nan. Wuya ce ta haɗa su.

Ɗan Baskore ya yi wajen shekara 20 bisa gado, kuma mayaƙi ne na gaske. Dawakinsa sun sha kai hari cikin ƙasar Katsina, har kusa da ganuwar birni, amma birnin bai komo hannunsa ba. Abin da ya fi burge ni a mulkin wancan zamani ba yaƙin ba ne, tsarin ne. A Amurka talakawa maza ke jefa ƙuri'a bayan kowace shekara 4. Nan kuwa babu ƙuri'a, amma kada ka zaci sarki na yin abin da ya ga dama. Akwai manya huɗu: Galadima, Ƙaura, Ƴandaka da Durɓi. Su ke zaɓen sarki cikin ƴaƴan sarauta, kuma in ya kauce suna iya tuɓe shi. Ƙaura shi ke riƙe da dawakin yaƙi. Ga kuma Iya, mace daga gidan sarauta, uwar ƴan bori, mai faɗa a ji. A Tsibiri Inna ake ce mata.

Yanzu ga inda magana ke da nauyi. Lokacin da Linkon ke sa hannu a takardar ƴanta bayi, a 1863, hare-haren da ake kaiwa tsakanin Maraɗi da Katsina bayi suke kawowa. Kowane gefe na kama na ɗayan. Manomi ya fita gona da safe, da yamma yana ɗaure a bayan doki. Maroƙa ba su cika faɗin wannan ba in suna kirarin sarakuna. Ni kuwa ina ganin ya kamata a faɗa, don cikin waɗanda aka kama ɗin akwai kakannin wasunmu, cikin masu kamun ma haka. Kuma kada ka ce Amurkawa sun fi mu tsarki: da yawa cikin shugabanninsu na farko, irin su Jafasan da Jakson, su ma bayi gare su a gonakinsu.

Bayan Ɗan Baskore gida ya rikice. A naɗa wannan yau, gobe a tuɓe shi, har wani reshen gidan ya koma Tasawa. Ana cikin haka Faransawa suka iso.

Tsohon birnin da waɗannan sarakuna suka zauna yana cikin kwari ne, bakin gulbi. Ambaliyar 1945 ta rushe shi, aka hau tudu aka gina Maraɗin da kake gani yanzu. Saboda haka ganuwa ba za ta ba ka labari ba. Labarin yana bakin tsofaffi, a fadar Maraɗi da ta Tsibiri, da ƙauyukan bakin gulbi irin Jiratawa. Tunda ga shi ka iya riƙe alƙalami, ɗauki littafinka ka je wajen tsohon unguwarku. Ka tambaye shi sarakunan nan ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta yadda ya faɗa, da sunansa da ranar da ya faɗa maka.