Wasiƙa Daga Kasablanka: Ina 'Yan Matanmu Masu Gudu Suke Ɓacewa?

Maroko ƙasar Musulmi ce, 'yan Malikiyya kamar mu, kuma a cikinta birnin Fas yake, inda 'yan Tijjaniyyarmu ke zuwa ziyara. Duk da haka, a nan Kasablanka mace ta fito gudu da sassafe a bakin teku, da ɗankwalinta da dogon wando, ba mai waiwayenta.

Abin yana da mafari. A 1984, a gasar Olamfik ta Los Anjalas, Nawal El Moutawakel, 'yar wannan gari, ta lashe tseren tsallake shinge na mita 400 cikin daƙiƙa 54.61. Ita ce ta fara kawo wa Maroko zinare a Olamfik, maza da mata duka. Ba daga sama ta faɗo ba: mahaifinta ne ya ƙarfafa mata gwiwa, masu horarwa suka riƙe ta, wata jami'a a jihar Ayowa ta Amurka ta ba ta gurbin karatu. Da ta daina gudu ba ta koma ɗaka ba. A 1993 ta kafa tseren mata zalla a Kasablanka, wanda dubban mata suka riƙa fitowa, a 2007 kuma ta zama ministar matasa da wasanni.

Mu kuwa ƙafa ba ta yi mana ƙaranci ba. Duk wanda ya taɓa kallon gasar wasannin makaranta a Kazaure ko 'Yankwashi ya ga yarinyar da ke barin sa'o'inta a baya, ko takalmi babu. A tafa mata, a ba ta bokiti ko littattafan rubutu, shi ke nan. Baɗi ka tambaya, a ce ai ta girma. Ta ƙauyukan Roni da Gwiwa ma, gudun nata a hanyar rijiya da talla yake ƙarewa.

Iyaye na da hujja, ban raina ta ba: sutura, da cuɗanya da maza. Amma duka biyun suna da magani. Ruƙayya Al-Ghasra ta Bahrain da lulluɓinta ta ci zinaren mita 200 a wasannin Asiya na 2006. Maƙwabtanmu ma sun fitar da Aminatou Seyni ta Nijar, wadda ta zo ta huɗu a duniya a mita 200 a 2022.

Gwamnatin Jigawa da Masarautar Kazaure, ku sa gasar 'yan mata zalla tsakanin ƙananan hukumomin nan huɗu, malamai mata su horar, iyaye mata su yi kallo, wadda ta yi zarra kuma a biya mata karatu.